Zan koma Kano jinyar Hajiya, amma teku nake yi wa kuka

Saƙon nan ya shigo min ne daren Lahadi, sai da na karanta shi sau uku kafin na kwanta. Mai shi ya ce kar a faɗi sunansa, to ba za a faɗa ba. Na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Baffa. Shekarata 44, shekara 21 ke nan ina Legas, a Obalende nake zaune da iyalina, harkar kayan waya nake yi. A 2023 lokacin wahalar takardun kuɗi kasuwa ta juya min baya, bashi ya hau kaina, barci ya ƙaurace min, da na je asibiti aka ce hawan jini ne. Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙafa. Da tafiyar na fara bayan asuba har ta zama gudu, yanzu sau huɗu a sati ina zuwa gadar Lekki da Ikoyi, ran Lahadi kuma in tafi bakin teku in yi gudu a kan yashi, in zauna ni kaɗai. Har gudun kilomita 10 na gasar Legas na taɓa shiga kuma na gama. To Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, bayan wata biyar Hajiya ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni ne babba, 'yan'uwa sun ce in dawo gida na kuma amsa. Amma wallahi abin da ke sa ni hawaye ba shago ba ne, ba abokai ba ne, tekun nan ne da gudun. Kunya nake ji in faɗa wa kowa. Uwata na kwance ni ina kukan ruwa, anya wannan ba rashin imani ba ne? Ga tsoron kar ciwon ya dawo, don a Gwammaja in aka ga magidanci yana gudu da asuba cewa za a yi ya taɓu. Maiɗakina ma ta fara zargin wata nake zuwa gani ran Lahadi."

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, Allah ya tashi kafaɗun Hajiya.

Bari in fara da abin da ya fi ci maka rai. A'a, ba rashin imani ba ne. Marar imani ai ba ya amsa kiran, sai ya turo dubu hamsin duk wata ya ce kasuwa ta riƙe shi, kuma mutane su sa masa albarka. Kai an ce ka dawo ka ce to, tun kafin ka rubuto min ka riga ka yanke abin da ya dace, don haka ba zan ɓata lokacinka ina kawo maka hadisin wanda ya zo neman izinin fita jihadi Annabi (SAW) ya mayar da shi wajen iyayensa ba, ka san shi, shi kake aiki da shi ma yanzu haka. Abin da ya rage shi ne zuciyar da za ka tafi da ita, kuma ita ba a yi mata tsawa ta yi shiru.

Na san ruwan da kake magana a kai. Mahaifina ɗan sanda ne, a barikin Obalende na yi wayo, kuma duk sallah sai ya kwashe mu ya kai mu Bar Beach. Har yau ina jin yadda yashi ke zamewa a ƙarƙashin ƙafata in igiyar ruwa ta zo ta koma, kamar ƙasa ce ake janye maka a hankali, da ɗanɗanon gishiri a leɓe, da masu dawakin haya, da masu fararen riguna suna kaɗa ƙararrawa suna addu'arsu can gefe. Babanmu mutum ne mai zafi, a gida ko tarinsa muka ji sai kowa ya nutsu, amma a wajen nan sai ya cire takalmi ya naɗe ƙafar wando ya zauna ya yi shiru, har mu hau bayansa bai ce komai ba. Ina shekara 15 aka yi masa canjin wajen aiki muka dawo arewa. Na yi wata da watanni ina mafarkin ruwa ban faɗa wa kowa ba, irin wannan kunyar taka ce ta hana ni. Da na koma bayan na girma na je neman wajen, babu shi, an cike shi da yashi an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai, an jera manyan duwatsu sun tare tekun. Kai ma ai a gabanka aka rushe wurin shaƙatawar bakin ruwa na Landmark a 2024 saboda hanyar bakin teku da za ta tafi Kalaba. Ba wai ina faɗa maka haka ba ne don ka daina son wajen. So nake ka san ko da ka zauna a Legas har tsufa, ba ka da tabbacin gurbin da kake zama ran Lahadi zai jira ka.

Yanzu ka tsaya mu duba abin da kake yi wa kukan da kyau. Ka ce sau huɗu a sati kana gadar Lekki da Ikoyi. Gadar nan tsawonta bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, a 2013 aka buɗe ta, kuma ruwan da ke ƙarƙashinta ba teku ba ne, mashiga ce kawai da ta raba Ikoyi da Lekki. Ke nan kwana huɗu cikin biyar ɗin da kake fita ko ganin teku ba ka yi, amma kana dawowa gida da sauƙi a ƙirjinka. To me ke ba ka sauƙin? Ni a ganina awa ɗayan nan ce da babu mai neman komai a wajenka. Ba mai bin bashi, ba yaron shago da ke cewa kaya sun ƙare, ba kuɗin makaranta, ba waya daga gida ana cewa Yaya a turo. Mutumin da yake babba a gidansu tun yana saurayi yake ɗauke da mutane a ka, kuma mu a al'adarmu ba a koya wa namiji ya ce na gaji, sai dai jikinsa ya faɗa a madadinsa, naka jikin ya faɗa da hawan jini. Gudun nan shi ne wajen da ka samu ka sauke kayan na ɗan lokaci. Teku kuma ya ƙara maka da nasa, don abu ne da in ka zauna gabansa kake jin ƙanƙantarka, bashin da ya hana ka barci sai ya koma daidai girmansa. Ba banza ba Allah ya buga misali da shi a ƙarshen Suratul Kahfi, cewa da teku zai zama tawada don rubuta kalmomin Ubangiji da ya ƙare kafin su ƙare.

Akwai kuma abin da ba ka faɗa ba amma na gani tsakanin layukan saƙonka. Wata biyar tsakanin rasuwar Baba da faɗuwar Hajiya. Yaushe ka yi kukan mahaifinka? Na san yadda ake yi, kai ne a gaban gawa, kai ne mai karɓar gaisuwa, kai ne mai biyan kuɗin rumfa da abincin baƙi, ana ta ce maka sai haƙuri kai ne uba yanzu, kwana bakwai na cika ka hau mota ka koma kasuwa. Ina kyautata zaton wani kaso na hawayen da kake cewa na teku ne, na Baba ne, teku dai shi ne wajen da ba ka jin kunyar zubar da su. Ka bar su su zuba, Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Tekun ba zai bi ka Kano ba, wannan kam gaskiya ce ba zan shafa maka mai a baki ba, kuma za ka yi kewarsa sosai musamman watannin farko. Amma awa ɗayan nan za ta iya binka in ka tsaya mata, kuma dole ka tsaya mata, don jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ba aikin sati biyu ba ne. Ana juya ta kusan duk bayan awa biyu don kar gyambon kwanciya ya kama ta, ana ɗaga ta, ana kai ta wajen masu gashin ƙashi a kai a kai, ana lura da yadda take haɗiyar abinci kar ta shaƙe, wani dare ba barci. Na ga gidaje da yawa da mai jinya ya riga majinyaci kwanciya. Kai kuma ga hawan jini, ga shi irin ciwon da ya kwantar da Hajiya hawan jini na cikin manyan abubuwan da ke kawo shi. Don haka gudun nan kar ka ɗauke shi wani abin marmari da za ka ajiye don nuna ladabi, yana cikin kayan jinyar. Annabi (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amr, lokacin da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, jikinka yana da haƙƙi a kanka. Ibada ce fa aka ce ya sassauta saboda jiki.

Tun kafin ka sauke kaya ka tara ƙannenka maza da mata ku raba aikin da kwana-kwana, a rubuta a manna a bango in ta kama, wa ke kwana, wa ke kai ta asibiti, wa ke sayen magani. A wannan zaman ne za ka faɗa musu a fili cewa daga sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai ba ka nan, likita ne ya sa ka. In ka bari sai an saba da ganinka a kowane lokaci, ranar da ka ce za ka fita gudu sai a ga kamar gudun jinya kake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma dawowarka ba ta sauke wa sauran nasu haƙƙin ba.

Tsoron da kake yi na dawowar ciwon yana da tushe. Motsa jiki a kai a kai yana rage hawan jini da kamar maki 5 zuwa 8 a lambar sama ta awon jini, amma ba ajiya ba ce da za ka tara ka riƙa ci, in ka daina cikin 'yan makonni amfanin ke fara zagwanyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 take ba manya shawara su yi a sati na motsi matsakaici irin tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu. Ka ga ke nan ko satin da jinya ta yi zafi, minti 25 sau uku ya riƙe ka. Maganinka kuma kar ka kuskura ka ajiye shi don ka ga kana gudu kana jin garau, likita ne kaɗai zai ce a rage. Kafin ka taso ka je ya rubuta maka sunan maganin da adadinsa a takarda, ka sayi na'urar awon jini ta gida, guda ɗaya ta ishe ku kai da Hajiya, ka samu ɗan littafi kana rubuta naka a shafi ɗaya nata a ɗaya. In ka ga naka ya zauna a 140 bisa 90 ko sama kwana da kwanaki, ka nemi likita. In kuwa kana cikin gudu ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebe ka, tsayawa ake yi nan take, ba a jarumta da wannan.

Sai maganar mutanen unguwa. Eh za su yi magana, ba zan ce maka ba za su yi ba. Wani zai tsaya da buta a hannu ya ce Alhaji lafiya, wa ya biyo ka? Yara za su bi ka a baya kwana biyu. Amma Kanon da ka bari shekara 21 da suka wuce ba ita ce ta yanzu ba, ka fita da sassafe ran Asabar wajen Race Course ko filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata ko cikin jami'ar Bayero ka gani, dattawa da furfura da 'yan kasuwa da ma'aikata kowa da kambas ɗinsa, yawancinsu kuma irin takardar da likita ya ba ka ce ta fito da su. Shawarata kar ka fara gudun daga ƙofar gida. Ka fito masallaci, ka sa dogon wando da riga mai hannu, ka taka a hankali kana gaisawa da mutane har ka fita babban titi, can sai ka ɗaga ƙafa. Wanda ya tambaye ka ka ce masa hawan jini ne likita ya sa ni, shikenan, ba wanda ke ja da wannan, ƙila ma ya ce maka shi ma yana da shi. Ina mai tabbatar maka kafin wata uku sai ka samu wanda zai ce ka riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa in za ka fita. Amma ko ka samu abokan tafiya ka ware kwana ɗaya a sati da za ka fita kai kaɗai, kar a mayar maka da awarka majalisa.

Kuma kai da ke Gwammaja ga Dutsen Dala nan kusa da kai. Ka hau shi da sanyin safiya lokacin da gari bai gama tashi ba, ka zauna a sama ka kalli birni ya shimfiɗu ta ko'ina har inda ido ya tsaya, ga Goron Dutse can, ga hayaƙin masu koko da ƙosai yana tashi daga lunguna. Ba teku ba ne, ba zan yaudare ka ba, amma ido yana samun nisan da zai miƙe, kuma rabin abin da teku ke yi wa mutum ke nan. Ran da ƙishin ruwa ya dame ka sosai ka ɗauki yara ku tafi madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako aka gama a 1974, ruwa ne mai faɗin da za ka zauna gabansa ka yi shiru. Kallo kawai fa, kar ka bari yara su shiga wanka, irin waɗannan ruwayen na kwance suna sa tsargiya. In kuma batun gudun ne kansa, manyan masu dogon gudu na duniya ba a bakin teku suke ba, garin Iten na Kenya kan tudu yake mai tsayin kusan mita 2,400, mu ma nan gida yawancin gwanayenmu daga Filato suke fitowa, wajen Pankshin.

Abu ɗaya da zai ba ka mamaki shi ne iska. A Legas gumi ke jiƙa ka sharkaf ka san ka yi asarar ruwa, a Kano iska busasshiya ce, gumin na fitowa tana shanye shi, sai ka ga rigarka a bushe ka ɗauka ba ka yi komai ba alhali jikinka ya ƙafe. Ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo, ka riƙa duba fitsarinka, in ya yi ja ruwa bai ishe ka ba. Watan Maris zuwa Mayu zafi na haura 40, rana na ɗagowa ka riga ka dawo gida. Lokacin hunturu kuma ranar da ƙura ta rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, ka haƙura da gudun, ka yi motsinka a tsakar gida. Sati biyun farko ka rage nisa da sauri, titin kwalta da ramuka ba yashin bakin ruwa ba ne, gwiwa sai ta saba. Da azumi kuma ka mayar da shi bayan tarawihi.

Yanzu maiɗakinka. Gaskiya ban ga laifinta ba ko kaɗan. Miji ya rame ya yi kyau, ya sayi sabon takalmi, duk Lahadi ya fita shi kaɗai ya dawo fuska a sake kuma bai ce ga inda ya je ya zauna ba, wace mace ce ba za ta yi tunani ba? Ruwa ba ya tsami banza, haka za ta ce. Kunyar da ta hana ka faɗa mata ita ta haifi zargin. Kuma ka tuna ita ma tashi za ta yi, ita ma tana da maƙwabta da 'yar sana'arta da ɗakin da ta saba ita ce mai shi, za ta koma gidan surukai, kuma mu faɗi gaskiya kaso mai yawa na wankin Hajiya da ba ta abinci a hannunta zai faɗa ko an raba aiki ko ba a raba ba. Yaranka kuma a Legas aka haife su, su ba komawa gida za su yi ba, barin gida za su yi. Kowa a gidan nan yana da tekunsa da zai bari, naka kawai ka sani.

Don haka Lahadin nan mai zuwa ka ce ta shirya. Ka kai ta daidai inda kake zama, ka nuna mata, ka ce nan nake zuwa, nan na zauna lokacin da bashi ya hana ni barci ban so ki gani a fuskata ba. Ka tambaye ta ita me za ta fi kewa, ka yi shiru ka saurara har ta gama. In wajen ba jama'a ku ɗan taka tare a bakin ruwan, Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, yana dariya yana cewa wannan ramuwar waccan ce. Sati na gaba ku koma da yaran gaba ɗaya, amma ka riƙe hannun ƙananan da kyau, ruwan Legas yana da ja ta ƙasa, ya ci gwanayen iyo ma.

Shagon kuma kar ka sayar da komai a rana ɗaya cikin ruɗani. Harkar kayan waya ai ƙafarta ɗaya a Legas take, masu shaguna a Farm Centre da titin Beirut da yawansu daga can suke saro kaya, kai kuma ka san kasuwannin Computer Village da Alaba na Legas ciki da bai, ka san wa ke da kaya mai kyau wa ke da jabu. Wannan sanin jari ne a Kano. In ka tsara shi da kyau za ka riƙa saukowa saro kaya duk bayan wata biyu ko uku, ka kwana biyu, ka ga ke nan asubar Lahadi ɗaya tana nan tana jiranka a bakin ruwa. Gasar Legas ɗin ma tun 2016 da aka fara ta a watan Fabrairu aka saba yi, ka sa ta a ranka, in jikin Hajiya ya yi sauƙi ka haɗa ta da tafiyar kasuwa ka sake yin kilomita 10 ɗinka.

Ita ma Hajiya ka faɗa mata kana fita gudu da dalilinsa, kar ta riƙa jin buɗe ƙofa da asuba tana tunanin ko wani abu ne ya faru. In ka dawo ka shiga ɗakinta kafin ka yi wanka, ka zauna bakin gadon ka kama hannun da ya shanye kana lanƙwasa mata yatsun ɗaya bayan ɗaya yadda masu gashi za su nuna maka, kana ba ta labarin wanda ka gani a hanya da abin da ake ginawa a ina. Mai kwanciya ba abin da take ƙishi irin labarin waje.

In ka yi kwana arba'in da sauka ka sake rubuto min, ina son in ji lambar awon jininka da inda ka samu kake gudun, da kuma ko hannun ya fara motsi. Ka gaishe min da Hajiya da jiki, ka gaida maiɗakin naka da yara.